Yadda nake haɗa wa jariri abinci a gida tun daga wata shida

Ranar da na kai ɗana na fari awo yana wata takwas, nas ɗin ta ɗora shi a sikeli, ta duba kati ta sake dubawa, sai ta ɗago ta ce min "Maman bebi, me kike ba yaron nan?" Na ce koko mana, safe rana dare, kuma yana sha sosai don fida cike yake shanyewa. Ta ce wane irin koko, mai kauri ko tsararo? Nan na yi shiru. Ashe wata biyu kenan nauyinsa na tsaye wuri ɗaya, ni kuma ina gida ina ta murna wai yarona akwai ci, alhali ruwa nake ɗirka masa da sunan abinci. Ta ɗauko cokali ta karkata shi ta ce duk kunun da zai zube daga nan da kansa shar, to bai kai abincin yaro ba.

Yanzu yarana uku, kuma abin da na gane shi ne matsalar yawancinmu ba rashin kuɗin abincin gwangwani ba ce. Cikin jariri bai fi ya ɗauki kofin shayi ɗaya ba, in kika cika shi da ruwan kamu to ina wurin abincin kirki kuma? Mu nan Jos ma ai ba mu da uzuri, ga acha, ga dankalin turawa ana sauke shi daga Bokkos da Mangu, ga karas da kabeji da koren wake jibge a kasuwar Farin Gada, ga fiya in lokacinta ya yi har ruɓewa take. Abin da mutanen wasu garuruwan ke saye da tsada mu a ƙofar gida muke tsintarsa.

Kafin ki ɗora tukunya

Ki bari ya cika wata 6 tukuna. Kafin nan nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuma haka ake faɗa mana a wajen awo. Dalilin da ya sa ake farawa a wata shida shi ne sinadarin ayon da aka haife shi da shi, wanda ke gina jini, ya fara ƙarewa daidai lokacin, nono shi kaɗai ba zai cike gurbin ba. Za ki ga alamu ma da idonki: wuyansa ya tsaya, yana zama ko da an tokare shi da filo, yana bin lomarki da ido yana kai hannu kwano, in kin sa masa abu a baki ba ya turo shi waje da harshe. In bakwaini ne ko mai wata lalura, ki fara jin ta bakin likita.

Kuma fara abinci ba yaye ba ne fa. Nono na nan daram har shekara biyu, wanda dama mun san shi a cikin Alƙur'ani tun kafin asibiti ta faɗa.

Garin haɗi, wanda wasu ke kira Tom Brown

Shi ne ginshiƙin komai a gidana, in yana nan a roba hankalina kwance yake. Ma'aunin da nake bi mai sauƙin riƙewa ne: hatsi 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Da gwangwanin madara nake aunawa. Hatsin nan shida yadda kika ga dama za ki raba, ni gero biyu nake sawa, dawa biyu, masara biyu, wani lokacin in cire masarar in sa acha. Hatsi ke ba da ƙarfi, waken suya da gyaɗa su ke gina jiki su kawo maiƙo. Ina sayowa a kasuwar Katako, kuma ina tsayawa in duba da kaina, ba aike nake ba, saboda hatsin da ya sha danshi ko ƙwari suka ci ba na jariri ba ne ko da kyauta aka ba ki.

Ki fara da waken suya don shi ya fi cin lokaci, kuma a nan mata da yawa ke yin ganganci. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, zafin wuta ne kawai ke kashe shi, shi ya sa in bai ji wuta sosai ba za ki ga cikin yaro ya kumbura yana ta tusa da zawo sai a ce wai waken bai karɓe shi ba. Ki tsince shi tas, ki jiƙa da daddare ya kwana, da safe ki zubar da ruwan ki murza shi tsakanin tafukanki bawon zai saɓule ya taso sama sai ki tsiyaye, ki yi ta yi har yawanci ya fita. Sai ki tafasa shi kamar minti 20 zuwa 30, ki tsane a kwando, ki baza a tire ko tabarma mai tsabta ki rufa da yadi mara kauri saboda ƙuda da ƙura. Sai ya bushe ƙarau, in kin ciza ya ce ƙas. Da hunturu kwana biyu ya isa, amma a watan Yuli da Agusta da ruwan Jos ke wuni yana zuba kar ki yaudari kanki, zai yi tsami ya yi fumfuna kafin ya bushe, gara ki yi kaɗan ki ƙarasa busar da shi a kasko da wuta can ƙasa. Bayan ya bushe sai suya, ba mai, kina juyawa ba tsayawa har ya yi ja-ja ƙamshi ya tashi, wannan ƙarnin ɗanyen wake ya ɓace.

Hatsi kuma ki bakace, ki wanke ki rege tsakuwa, ki shanya, sannan ki soya sama-sama. Kowanne shi kaɗai don Allah, gero ƙanana ne yana saurin ƙonewa masara kuma tana jan lokaci, in kika haɗa su ɗaya zai ƙone ɗaya bai yi ba. Wanda ya ƙone ɗaci yake, yaro kuma in ya ɗanɗana ɗaci sau ɗaya sai kin sha fama kafin ya sake buɗe baki. In acha za ki sa kin dai san halinta da yashi, regewa uku huɗu ba ta yi yawa ba.

Gyaɗa guda-guda nake tsince ta. Duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko tana da rami, jefar. Akwai guba da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara, ana ce mata afalatoksin, tana taɓa hanta tana tauye girman yara, kuma suya ba ta kashe ta, tsincewa da sayen mai kyau ne kawai maganinta. Ki soya, ki murje, ki fece bawon.

In komai ya huce sai ki haɗe ki kai inji. Nan ma akwai magana. Ki je da sassafe kafin a fara niƙa barkono da kayan yaji, ki ce wa mai injin ya kakkaɓe, ki riƙo masara gwangwani ɗaya daban a fara zubawa ta wanke injin, wannan garin ki ajiye na tuwon gida. Na taɓa yin sakaci aka niƙa min bayan mai yaji, mudu guda haka manya suka shanye shi a kunu, yaron ko cokali ɗaya bai samu ba. Ki sa a niƙa ya yi laushi liƙis, in kin dawo ki baza ya sha iska saboda da zafi yake fitowa, in kika rufe shi haka gumi zai yi ya lalace. Ki tankaɗe da rariya mai laushi ki zuba a roba mai murfi da ta bushe sarai. Ni ba na yin wanda zai wuce sati uku zuwa huɗu, tunda akwai gyaɗa a ciki man yana juyawa ya fara wari.

Kirefish da busasshen kifi daban nake dakawa in tankaɗe in sa a ƙaramar kwalba, ba na haɗawa da garin don suna sa shi saurin lalacewa. Kifin ki cire ƙaya tas kafin daka.

Damawa

Wannan ba irin damun koko ba ne da za ki sheƙa tafasasshen ruwa ki ce ya yi. Gari cokali uku na cin abinci, ki dama da ruwan sanyi kaɗan ya zama ba gudaji, ki ɗora ruwa kamar kofi ɗaya in ya tafasa ki zuba kina juyawa, ki rage wuta ki bar shi yana ɓararraka minti 5 zuwa 10. In kin sauke ki yi gwajin cokalin nan: ki ɗebo ki karkata, in ya maƙale yana saukowa a hankali to ya yi. Sai ki sa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja mai kyau ko man shanu soyayye. Mai yana ƙara wa abincin ƙarfi ba tare da ya ƙara masa yawa ba, kuma yana sa kunu mai kauri ya yi santsin haɗiya. Manja kuma ga bitamin A. In ya yi kauri da yawa ki tatsa nononki a ciki bayan ya huce, yaro yana jin ɗanɗanon da ya sani sai ya saki jiki.

Ba sukari. Na san za a ce ai salam yake, to ke ce kika ji salam, shi bai san wani abu sukari ba sai ranar da kika koya masa. In kin matsu ki murƙushe ayaba a ciki, ko garin dabino ɗan kaɗan.

In kuma kamu kika fi sabawa da shi ba laifi, amma na jariri daban ake yi, ba citta ba kanumfari ba barkono, a dama da kauri, a sa masa gyaɗa markaɗaɗɗiya ko garin waken suya da kika gyara. Kamu zalla da aka tace aka zubar da dusa kusan sitaci ne kawai ya rage.

Kada ya zama kunu kullum

Satin farko abu ɗaya-ɗaya nake bayarwa, in ba da yau in maimaita gobe da jibi ina lura da fatarsa da kashinsa, kafin in kawo wani sabo. Dankalin turawa ɗaya madaidaici da karas rabi, ki fere ki yanka ki dafa da ruwa kaɗan har su yi luguf, ki murƙushe da bayan cokali ki sassauta da ruwan dahuwar, ɗigon mai, shikenan abinci ya haɗu. Dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro ki bar shi, wannan koren guba ne. Kabewa da dankalin Hausa ma haka ake musu. Fiya da ayaba da gwanda nunanniya ko wuta ba sa so, murƙushewa ce kawai, kuma fiya ɗin nan wallahi ban ga abin da ya kai ta sauƙi ba, ga maiƙo ga laushi.

Sai gwaten acha, wanda duk ɗan Jos ya san shi. Na jariri ki cire yaji da gauta da yakuwa mai tsami sosai da dunƙulen magi da gishiri. Ki dafa achar da ruwan nama ko na kifi wanda ba a sa wa kayan ɗanɗano ba, ki zuba karas gurzajje, alayyahu ko zogale yankakke ƙanana sosai, garin kirefish rabin ƙaramin cokali, manja kaɗan, ki bar shi ya dahu ya narke. Dabarata ita ce in ina girkin gida nake ɗibar nasa a ƙaramar tukunya kafin in sa gishiri da magi da attaruhu, kinga ba aiki biyu kenan ba. Haka nake yi da faten wake, da miyar kuɓewa da ta kuka in zai ci da tuwo mai laushi.

Ga inda zan yi wa abincin gwangwani adalci: an ƙara masa ayon da bitamin a kamfani, kunun gida kuma in hatsi ne kawai ba zai kai shi a wannan fannin ba. To ke za ki cike da kanki. Ƙwai dafaffe sosai ki murƙushe har da farin, kifi, nama da aka dafa ya yi laushi aka daka, wake da aka cire wa bawo, da hanta ɗan yanki kamar sau ɗaya a sati, kar ta wuce haka don bitamin A ɗinta yana da yawa. Ki yi ƙoƙari kullum a samu abu ɗaya daga dabba ko da kirefish ne. Bayan ya ci ki ba shi gwanda ko mangwaro ko ɗan lemo, suna taimaka wa jiki ya zuƙi ayon ɗin. Shayi kuma akasin haka yake yi, shi ya sa shayi da burodin da ake tsoma wa yara da safe bai yi ba. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata ko ya hana shi magana kuwa, nawa ukun duk sun ci kuma surutunsu har ya ishe ni.

Game da ƙwai da gyaɗa da kifi, ki fara da ɗan kaɗan da rana, ba da dare ba, don ki samu damar lura. In kika ga leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko amai, ko numfashi na sarƙewa, asibiti kai tsaye ba jira.

Nawa zai ci?

Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, ki fara da cokali biyu ko uku kina ƙarawa har ya kai rabin kofi, kofin da nake nufi mai cin mil 250. Wata 9 zuwa 11 sau uku zuwa huɗu, rabin kofi, kuma a nan ki daina murƙushewa liƙis, ki bar ɗan gudaji-gudaji, ki ba shi abin da zai riƙe da hannunsa kamar dafaffen karas mai laushi ko yankan ayaba. In kika daɗe kina tace masa komai a bilenda zai shekara yana kelaya da ya ji gudaji. Daga shekara ɗaya abincin gida ne, sau uku zuwa huɗu, daga kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi cike, da ɗan abin taɓawa tsakani. Ruwan sha tafasasshe da ya huce, a kofi. Fida kam na jefar da ita tun ranar awon nan, wanke ta wuya gare shi kuma ita ke sa dole a tsinka kunu don ya bi ta hudar.

Zuma haramiyarsa ce har sai ya shekara, ko lasa, ko a tauri ko a magani, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, tana saki jikin yaro har numfashi ya gagara. Gishiri da magi ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗauka ba. Kanwa ma ki bar ta. Madarar shanu a matsayin abin sha sai bayan shekara, nonon talla da ba ki san ko an dafa ba ki haƙura da shi. Gyaɗa guda, gugguru, aya, alawa, duk suna shaƙe yaro, ba nasa ba ne yanzu.

Maganar ɗura

Wannan sai da muka kai ruwa rana a gidanmu. Surukata, Allah Ya ƙara mata lafiya, da ta ga yaron yana kau da kai sai ta ce "Miƙo shi nan, ku yaran zamani ba ku iya komai ba, haka muka ɗura wa ubansa ga shi nan ƙato." Na ce "Hajiya ki yi haƙuri, a asibiti sun hana, sun ce kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu." Ba ta ji daɗi ba ranar, sai da maigidan ya sa baki cikin lallami. Amma gaskiyar kenan, yaron da aka matse a cinya aka toshe masa hanci yana kuka yana haɗiya, kunu na iya faɗawa huhunsa ya jawo nimoniya, wani ma a take yake shaƙewa. Wanda ya tsira kuma sai ya tsani cokali.

Ki zaunar da shi bayansa a miƙe kina fuskantarsa, kwanonsa daban don ki san iya abin da ya ci, kina masa wasa kina jira ya buɗe baki da kansa. Ya ƙi yau, ki bari jibi ki sake kawowa, wani abincin sai an gwada sau goma ko fiye kafin yaro ya karɓa. Autata sai da ta tofar da kabewa ya fi a ƙirga, yanzu ita ke bin tukunya. Kar ki jira sai ya galabaita da yunwa ko barci ya cika masa ido, lokacin ba abin da zai ci sai rigima. In ba shi da lafiya ki ƙara nono, abinci kaɗan-kaɗan akai-akai, in ya warke ki ƙara masa ci ɗaya a rana na kamar sati biyu ya mayar da abin da ya zube.

Tsabta da ajiya

Duk wahalar nan in zawo ya shigo ta tashi a banza. Wanke hannu da sabulu, naki da nasa, kafin girki da kafin ci da bayan canza kunzugu. Cokalinsa da kwanonsa daban a rufe. Kar ki tauna ki ba shi, kar ki sa cokalinsa a bakinki, in za ki ji zafi ki ɗiga a bayan hannu. Abin da aka dafa kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, kuma kar sanyin Jos ya ruɗe ki ki ce ai garin kamar firij yake, ba firij ba ne. Kunun da aka zuba a filas tun asuba ana ba yaro har la'asar ma ban yarda da shi ba, da ya fara hucewa ya koma ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Na firij kwana ɗaya zuwa biyu, shi ma in wuta ta tsaya, in an ɗauke ta wuni guda ki ba manya ko ki zubar. Ɗumame sau ɗaya ne, ya yi zafi har ciki sannan ya huce. Ragowar da cokali ya riga ya shiga ya fita ba a ajiye ta. Ni dai tunda garin na nan, damawa minti goma ce, sabo nake yi kowane ci in huta da lissafi.

Sikeli ne zai gaya miki ko abin da kike yi yana aiki, don haka kar ki daina zuwa awo don an gama alluran farko, akwai bitamin A a wata shida ga allurar ƙyanda a wata tara. In kika ga nauyi ya tsaya wata biyu a jere, ko ƙafafu sun kumbura, ko gashi ya yi ja yana karyewa, ko yaro ya yi laƙwas ba ya wasa, wannan ya wuce garin haɗi, tamowa ce ke sallama, akwai abinci na musamman da ake bayarwa a asibiti sai ki kai shi a auna damtsensa.

In tafiya ta kama mu, ko biki ko zuwa gida Bauchi, garin nake ƙullawa a ƙaramar roba da kwanonsa da cokalinsa da ayaba biyu a jaka. Duk gidan da na sauka aron ƙaramar tukunya kawai nake, kuma kusan kullum sai na dawo da robar wayam don matan gidan sun raba sauran.